Kwali Na Talatin Da Bakwai

Ranar Talata aka sauke mini kwalayen, guda arba'in da biyu, duka na takalmi, kowanne da lambarsa a goshi. Aikin shekara hamsin ke nan na Farfesa Orrin Haskell. Ya cika tamanin, 'yarsa Constance ta sayar da babban gidansu ta kama masa ɗaki biyu kusa da asibiti, ɗaki biyu kuwa ba sa cin kwali arba'in da biyu. Sai ya yarda ya ba ƙungiyar tarihin garinmu, Dunwell, inda nake tsaron ɗakin karatu kwana uku a mako.

Ni na roƙe shi. Shekara tara na yi a Edinburgh, na dawo da digirin dokta wanda babu jami'ar da ta tambaye ni shi. Na ga cewa in takardun Haskell suna hannuna, masu bincike za su san hanyar ƙofata. Shi ne ma ya rubuta wasiƙar da ta kai ni can tun farko. Ubana Amaral masunci ne, kuma har zuwa lokacin Farfesa bai taɓa kirana da sunana Della ba, sai 'yar Amaral.

Duk wanda ya karanta tarihin farkon zaman Turawa a gaɓar Connecticut ya ci karo da littafinsa na 1966. A ciki ya nuna cewa mutanen Dunwell na farko, in dai sun tsallake ƙuruciya, sukan kai shekara sittin da uku a matsakaici, fiye da danginsu da suka baro a Ingila nesa ba kusa ba. A kan wannan lamba ya gina komai: ruwa mai kyau, fili mai yawa, kakanni masu ganin jikokinsu. Ita ta ba shi kujerar farfesa da lambobin yabo da ƙarin littattafai huɗu. Babi na biyu na kundin digirina ma a kanta ya jingina.

Lambar ta fito ne daga rajistar cocin gari, inda fastoci suka riƙa rubuta kowace mutuwa daga 1668 zuwa 1760, da shekarun mamaci da inda aka binne shi. Haskell ya kwafe ta da hannu a kan ƙananan katuna a bazarar 1948. Bayan shekara biyar gobara ta cinye ɗakin ajiyar cocin har da rajistar. Tun daga nan babu mai ganin matattun Dunwell sai ta idonsa.

Dalilin ke nan da Misis Vernice Quash take zuwa wurina kowace Alhamis. Shekararta saba'in da uku, ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, danginta kuma suna garin tun kafin zuwan rabin masu kiran kansu tsofaffin gida. Gari yana so ya gina wa 'yan kwana-kwana sabon gida a filin da ke arewa da katangar tsohuwar maƙabarta, domin na yanzu yana bakin ruwa, in teku ta cika har ƙarƙashin motoci take shiga. Misis Quash ta ce akwai mutane a filin. Kakarta ta nuna mata tana yarinya, ta ce nan aka binne baƙaƙe da Indiyawa 'yan asalin ƙasar, tunda ba a yarda su kwanta cikin katanga ba. Babu ko dutse ɗaya a wurin. Hukumar jiha ta ce za ta aiko mai duba ƙasa ya ga ko akwai kaburbura, in an kawo mata shaida a rubuce. Shaidar da ke rubuce kuwa guda ɗaya ce, shafi na 88 na littafin Haskell, inda ya ce filin makiyayar saniyar fasto ne. Taron gari zai kaɗa ƙuri'a a kan ginin Asabar ta sama.

Ranar Laraba na fara buɗe kwalayen bi da bi. Kowanne da sunayen iyalai a murfinsa, ban da na talatin da bakwai. Shi an rubuta masa da fensir: ba 'yan gari ba. Katuna casa'in da shida na ƙirga, cikin rubutunsa na ƙuruciya, ƙanana a tsaye. Bayi ne, da barorin da aka sayo wa'adinsu daga jirgi, da Indiyawa masu aiki a gonaki. Kowanne da suna guda, da sunan ubangidansa, da shekarunsa. Goma sha tara daga ciki sun ƙare da magana iri ɗaya: an binne arewa da katanga. Ɗayansu Quash ne, 1731.

Abin da na fara yi shi ne na jawo takarda na jera shekarunsu daga sama har ƙasa. Na ware ƙananan yara kamar yadda ya yi, na haɗa sauran da mutum ɗari huɗu da sha biyun da ke cikin littafinsa, na raba. Sittin da uku ta sauko hamsin da bakwai. Hamsin da bakwai ba ta ba kowa kujera. Na sake lissafin sau biyu, bai canza ba.

Injin kwafi yana taku uku daga teburina. Ban kai katunan can ba. A aikinmu, kayan da mai su bai sa hannu a takardar kyauta ba tukuna amana ne, ba a kwafa, ba a nuna wa kowa. Takardar Haskell tana aljihun teburina ba sa hannu, ya ce zai zo ranar Litinin a yi a gaban mai hoton jaridar gari. Akwai kuma ladabin da aka rene mu a kai: in ka kama babba da kuskure, shi za ka fara gaya wa kafin duniya ta ji.

Alhamis da hantsi Misis Quash ta shigo da burodin masara a nannaɗe cikin tawul.

"Dokta, an samo mini kakannina, ko har yanzu saniya ce?"

"Kayan Farfesa sun iso, Misis Quash. Ina dubawa."

"Na ga an sauke. Ashe mutumin takalma yake ta saye, mu muna nan muna cewa karatu yake." Ta zauna ta cire safar hannu. "Akwai wani abu?"

Kwalin yana ƙarƙashin teburin, ƙafata tana taɓa shi.

"Sai na gama," na ce.

"Kwana tara ya rage, 'yata."

"Na sani."

"Kin sani. Ku masu karatu kullum kun sani. Ci burodin nan tun da zafinsa, kin rame kamar ba a girki a ƙasar da kika je."

Na ci. Ta yi mini labarin gwiwarta da na jikanta da ya shiga sojan ruwa, sannan ta tafi.

Juma'a da la'asar na sami Farfesa a sabon ɗakinsa, cikin kwat da nektai, yana shafa wa gasasshen burodi zuma. Littattafansa biyar suna jere a kan taga tare da fassarorinsu.

"'Yar Amaral. Kin zo ganin inda aka ajiye ni. Zauna. Kujera ɗaya ce mai kyau, kuma ina kai."

Na zauna a kan ɗayar. "Na buɗe na talatin da bakwai, Farfesa."

Bai daina shafa zumar ba, sai da ya kai ta kowane gefe.

"Da wuri haka? Na ɗauka sai kin yi wata. Yaran yanzu ba sa karanta komai bi da bi."

"Mutum casa'in da shida."

"Da bakwai. Akwai wanda ya manne a bayan wani, jaririn wata Hagar. Ki riƙa lura."

"Ka bar su a waje."

"Ban bar kowa a waje ba, garin ne ya bar su. A Dunwell ta wancan zamani ɗan gari shi ne wanda taro ya karɓa ya yanka masa fili. Ba ni na kafa dokar ba. Littafina a kan 'yan gari yake."

"A shafin farko cewa ka yi ka kwafe kowane layi na rajistar."

"Na kwafe mana. Ba ga shi kin gani ba? Ban ce na ƙirga kowane layi ba."

"Su suka haƙa rijiyoyin da ka yaba ruwansu. In aka sa su a lissafi, hamsin da bakwai ne."

"Da rabi," ya ce. "Na yi lissafin a 1964, a kan teburin girki, Constance tana rarrafe a ƙafata."

"Ka sani ke nan."

"Na zaɓa. Aikin ke nan ai, zaɓa. Ina da shekara arba'in da bakwai, ba ni da littafi, shugaban sashe yana auna ofishina da ido. Kin taɓa ganin an buga littafin da ya ce mutanen wani ƙauye sun mutu daidai lokacin da kowa ke mutuwa?"

"Saniyar fa?"

"Saniya gaskiya ce. Tana cikin takardar taro ta 1702, ja ce ma. Saniya tana kiwo a kan kabari, 'yar Amaral, ba ta iya karatu ba."

"Misis Quash ta iya. Kakanta yana cikin kwalin."

"Quash, bawan Kyaftin Lathrop, shekara kamar arba'in, 1731." Ya faɗa kamar katin yana gabansa. "Ita ta yi jinyar matata, kin sani? Mace mai sanyin hannu. Ba ta taɓa tambayata ba."

"Sau biyu ta rubuto maka a bana."

"Constance ke buɗe wasiƙu."

Ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa katuna goma sha tara kawai nake so, ba sai an taɓa lissafin ba, a nuna wa hukuma ta aiko mai duba ƙasa, shi ke nan.

"Kada ki mai da ni yaro. Ranar da kati ɗaya ya fita, wani ɗalibi mai yunwa zai tambayi ina sauran. Kafin Kirsimeti an kira taro a kaina, an kawo kofi da biskit. Kuma ba ni kaɗai ba. Na karanta kundinki, babi na biyu ya fi sauran kyau. In rufina ya faɗo a kanki zai sauka, ke da ko ɗaki ba ki samu ba tukuna."

Sai ya sassauta murya.

"Kin kwafa?"

"A'a. Ba ka sa hannu ba."



"Sun koya miki aiki a can," ya ce. "Ba ni zuwa Litinin in yi tunani."

Na ba shi.

Mabuɗin ɗakin karatu yana jakata. Asabar da safe na je na kunna injin, na jira ya yi zafi, na ɗauko kwalin na ɗora a gefensa. Minti goma ya isa. Na gaya wa kaina cewa dattijo ya nemi kwana uku, kuma mai tsaron amana da ta fara kwafar kayan mutane a ɓoye, ko takardar cefane ba wanda zai sake ba ta. Wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa wata guda kafin nan na aika babi na biyu wata mujallar masana, sun ce suna so. Na kashe injin na mayar da kwalin wurinsa.

Litinin ƙarfe tara ba Farfesa ba mai hoto. Constance ce ta zo da motar haya da wasiƙa.

"Della, Baba ya canza shawara. Kada ki ji haushi, ba ke ba ce. Jami'arsa tana da ɗakin da ba ya danshi."

Wasiƙar layi shida ce. Takardunsa duka za su koma jami'ar da ya koyar, kuma za a rufe su har sai ya shekara ashirin da biyar da mutuwa.

"Sun ce haka ake yi," in ji Constance. "Wai akwai wasiƙun mutanen da suke raye."

"Ki bar mini kwali ɗaya. Na yini ɗaya."

"Arba'in da biyu ya ce in ƙirga. Kin san shi."

Ta ƙirga. Ni na riƙe mata ƙofa.

Bai ƙona ba. Haskell bai taɓa ƙona takarda ba, da alfahari ma yake faɗa. Ya dai kai su wuri mai kyau, da lamba da shaidar karɓa, yadda babu mai cewa ya ɓoye komai.

Na buga wa Misis Quash waya na gaya mata na ga katunan, na ga sunan Quash, kuma an kwashe su.

"Yana nan ke nan," ta ce. "A rubuce."

"Yana nan."

"Za ki faɗa a taro?"

"Zan faɗa."

"To shi ke nan, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

Ba ta tambayi ranar da na gani ba, ni kuma ban kai maganar can ba.

An yi taron a ɗakin wasan makarantar firamare, Asabar ƙarfe goma, mata suna sayar da kofi a bakin ƙofa. Wendell Stoddard mai shagon ƙusa da fenti shi ke shugabanta, shekara ashirin ke nan, ya san ni tun ina rarrafe. Da aka zo kan maganar filin na ɗaga hannu, na faɗi sunana da layinmu kamar yadda doka ta ce, ko da yake babu wanda bai san ni ba. Na faɗi abin da na gani. Bai ɗauke ni minti uku ba.

"Della, ba wanda ya ce ƙarya kike," in ji Stoddard. "Ina katunan?"

"A rufe, a jami'a."

"Kwafi fa? Ko hoto?"

"Babu."

"Kwana nawa suka yi a hannunki bayan kin gani?"

"Biyar."

Wani daga baya ya ce, "Injin da gari ya saya mata fa, shayi take dafawa a kai?" Aka yi dariya. Misis Quash tana layi na uku da hularta ta zuwa coci. Ba ta waiwayo ba. Na ga dai yatsunta suna motsi a kan jakarta, tana ƙirga kwanaki baya, na ga kuma inda suka tsaya.

Farfesa yana layin gaba da sandarsa. Stoddard ya tambaye shi ko yana da abin cewa. Ya miƙe a hankali, aka yi tsit, domin rabin ɗakin sun karanta shi a makaranta, sauran rabin suna da littafin a falo.

"Shugaba, abin da zan faɗa a kan Dunwell na buga shi shekara talatin da ɗaya da suka wuce, da madogara a ƙasan kowane shafi. Dokta Amaral ƙwararriya ce, ni na tura ta karatu. In tana da sabon abu, ta rubuta, ta nuna madogararta, masana su auna. Haka muke yi. Ba a rubuta tarihi da 'na gani'."

Ranar ya fara kirana Dokta. Na bi maganarsa kalma bayan kalma, ban sami ƙarya ko ɗaya ba.

Misis Quash ta miƙe ba tare da ɗaga hannu ba.

"Orrin Haskell, wata bakwai na yi ina wanke matarka. Dube ni. Akwai mutane a filin nan ko babu?"

Ya juyo ya ɗan rusuna mata. "Misis Quash, ba zan manta alherinki ba har in mutu. Takarduna sun bar hannuna, ba ni da ikon magana a kansu yanzu."

"Ba takarda na tambaye ka ba."

Stoddard ya buga gudumarsa. "Vernice, ta wurin shugaba ake tambaya."

"To kai tambaye shi mana, Wendell. Bakinka ciwo yake?"

Amma Farfesa ya riga ya zauna, Stoddard kuma ya ga wani hannu a sama. Wata mata ce daga layin bakin ruwa. Ta ce bara da mijinta ya faɗi a bayan gida, motar asibiti da ake ajiyewa a gidan 'yan kwana-kwana ta yi minti ashirin da biyar kafin ta fito daga cikin ruwa, kuma ba ta ƙi matattun kowa ba, amma nata mamacin yana da suna da dutse, ga duk mai son gani. Babu wanda ya yi dariya a nan. Aka ɗaga hannuwa. Ɗari biyu da huɗu suka ce a gina, arba'in da ɗaya suka ce a dakata.

Lahadi bayan coci na je gidanta. Ban san ko za ta buɗe ba. Ta buɗe, ta wuce gaba zuwa ɗakin girki, na bi ta. Kaza tana cikin tanda. Ta nuna mini kujera, ta ajiye takarda da biro a gabana.

"Na yi kwana ina tunanin ranar Alhamis ɗin nan," ta ce. "Yana ina lokacin da kike cin burodina?"

"Ƙarƙashin teburin."

"Ƙarƙashin teburin." Ta gyaɗa kai. "To. An wuce wurin. Goma sha tara kika ce. Rubuta mini su. Su zuba simintinsu, ni zan kafa allo a bangon cocinmu da sunayen, ba na bukatar hannun kowa a sama."

Na ɗauki biron. Na rubuta Quash, 1731. Na rubuta Dinah. Na rubuta Hagar, ko da yake daga bakin Farfesa na riƙe ta, kuma ban tabbata tana cikin goma sha taran ba. Akwai wani Tom, ko Toby. Na rubuta duka biyun, na soke ɗaya, na sake rubuta shi.

"Ci gaba mana."

"Su ke nan."

"Kwana biyar, Dokta."

"Akwai abin da na rubuta a ranar," na ce. Na ciro takardar lissafina daga jaka na miƙa mata. Ta sa tabarau.

"Mene ne wannan?"

"Shekarunsu. Duka casa'in da shida."

"Wanne ne na wa?"

"Ban rubuta ba."

"Wanne ne na arewa da katanga?"

"Ban ware ba."

"Wannan na ƙasa fa, da kika ja wa layi biyu?"

"Matsakaici ne. In an haɗa su da sauran."

"Hamsin da bakwai." Ta dube ni ta saman tabarau. "Ya yi miki amfani?"

Ta ɗora yatsa a saman layin ta fara saukowa, tana karantawa a fili kamar yadda ta saba karanta takardar marar lafiya. Goma sha bakwai. Ashirin da huɗu. Shida. Talatin. Ashirin da huɗu kuma. Da ta kai arba'in na farko ta tsaya, ta ga akwai wasu arba'in uku a ƙasa, ta ɗauke yatsan.

"Shi wancan ya san su duka, ko?"

"Da ka."

"Shi ya riƙe sunaye ya rufe baki. Ke kin buɗe baki ba ki riƙe ko biyar ba. Garin nan ya yi sa'ar masana."

Ta ninke takardun biyu ta sa a aljihun rigar girkinta, ta juya ta buɗe tanda. Ba ta ce in tsaya cin abinci ba.

An fara ginin a watan Afrilu. Ƙasar wurin tana kusa da ruwa, saboda haka ba a haƙa da zurfi ba, siminti aka shimfiɗa a sama. Babu wanda ya ga komai.

Na rubuta abin da na gani a shafi goma sha biyu na aika wa mujallar nan. Editan ya dawo mini da shi da wasiƙa mai ladabi, ya ce batun yana da muhimmanci ƙwarai, ya tambayi madogara. A ƙasa ya ƙara da hannu cewa babi na biyu yana nan a layi. Ban janye shi ba. Ya fito a watan Satumba, sunana a sama.

Allon Misis Quash yana bangon cocinsu, ta ɓangaren titi. Sunaye huɗu ne a kai, sai fili mai yawa a ƙasa da ta ce a bari. Bara gwiwar ta hana ta fita, jikarta ke kai ta coci a keken guragu. Farfesa ya shiga tamanin da huɗu. Kowace safiya yana zagaya asibitin sau biyu da sandarsa, likitansa ya ce zuciyarsa ta ɗan sittin ce. Shekara ashirin da biyar ɗin ba su ma fara ba.